Almakashin Gobnait

Gobnait Quane ba ta taɓa jefa guduma ba. Ko ɗaga ta ba ta taɓa yi ba, sai dai ta ture ta da ƙafa idan mijinta ya bar mata ita a bakin ƙofa. Amma duk wanda ya san Kilbarra ya san cewa jifa mafi nisa da aka taɓa rubutawa da sunan garin nan da hannunta a ciki. Mazan garin ba sa son a faɗi haka, su dai ji da kansu.

Ita ce auta a cikin 'ya'ya bakwai na gidan Lehane, kuma ita kaɗai ta rage a Ireland. A Kilbarra idan mutum zai tafi Amurka ba walima ake yi masa ba, makoki ake yi masa, yana zaune da ransa a kan kujera yana cin burodi da man shanu. A yi kuka, a yi rawa, a sha shayi da abin da ya fi shayi ƙarfi, tsofaffin mata su yi ta yabon halinsa kamar yadda ake yabon gawa, sannan a raka shi mararraba. Ba kuma ƙarya suke yi ba, don wanda ya tafi da wuya a sake ganinsa. Gobnait ta zauna irin wannan makoki sau shida. Na farko tana 'yar shekara bakwai, abin da kawai ta tuna shi ne an ba ta alewa. Na shida na Ellie ne, yayarta da suke kwana gado ɗaya. Da ta dawo daga rakiya ta tsaya a tsakar gida, ba kowa sai kaji, ta rantse cewa ba mahalukin da zai yi mata makoki tana numfashi.

Wani yayanta ya aiko mata da keken ɗinki daga Boston, da shi ta zama telar gari. Rigar baftisma, rigar aure, likkafani, duk ta hannunta suke bi. Kullum akwai ɗan almakashi rataye a ƙugunta da igiya, kuma mutane sun yarda cewa bakinta ya fi shi kaifi. To wannan mace, da ta tashi aure, sai ta rasa wanda za ta zaɓa duk faɗin gari sai Thady Quane, mutumin da ko makaho ya shafa kafaɗarsa zai ce wannan na jirgin Amurka ne.

Thady ƙato ne na gasken gaske. Shanu huɗu gare shi da ɗan fili a bakin fadama, inda yake yankan baƙar ƙasar da ake shanyawa a hura wuta da ita. Tukunyar dankali guda yake tashi da ita shi kaɗai, ya kuma leƙa ko akwai saura. Ba ya faɗa, ba ya yawan magana, ga kunya kamar amarya. Ranar da rana ta fi zafi, maza duk sun tuɓe riguna a fadama, Thady na nan da tasa a ɓalle har wuya. Abu ɗaya ne yake fitar da shi daga hayyacinsa, shi ne guduma.

Gudumar wasa ba ta ƙera ba ce. Dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin laba goma sha shida, da waya mai tsawo da mariƙi. Mutum ya kama, ya wulwula ta bisa kansa, ya juya da ita sau biyu, ya saki. Filin da ake wasan a Kilbarra kuwa a bayan coci yake, kuma ƙarshensa fadama ce. Guduma ta faɗa can, kafin ka ƙirga goma taɓo ya haɗiye ta, ko kumfa ba za ka gani ba. Garin ya yi asarar guda biyu ta haka, maƙerin da ya ƙera ta uku ya rantse ba zai yi ta huɗu ba. Shi ya sa aka kafa doka tun zamanin kakanni: wanda ya jefa, shi ke bi. Kana saki ka runtuma a guje, ka cafko wayar kafin ta nutse. Thady ya fi kowa nisan jifa, saboda haka tasa ce kullum ke faɗawa inda taɓon ya fi zurfi, saboda haka ya fi kowa gudu. Tun yana ɗan shekara goma sha shida hannunsa da ƙafarsa suka ƙulla wannan yarjejeniya, da hannu ya saki sai ƙafa ta tashi.

Matsalar ita ce sauran duniya ba ta da fadama a bayan coci. A manyan gasa da'ira ake zanawa da farar ƙasa, faɗinta ƙafa bakwai, kuma duk wanda ya taka waje kafin guduma ta sauka, jifansa ya ɓaci, ko da ya kai teku. Thady ya je Kanturk ya jefa ya bi. Ya je Mallow ya jefa ya bi. A Limerick har ya kusa riga gudumar isa. Ba a taɓa auna masa jifa ko sau ɗaya ba. 'Yan kallo suka gane shi, suka sa masa suna Karen Kilbarra. Da ya shiga da'ira sai a fara fito, ana “Kamo ta, Thady! Kamo ta, yaron kirki!” Shi kuwa sai ya yi ɗan murmushi, ya dawo da gudumar a hannu, ya ajiye wa na bayansa.

Akwai wanda wannan abu ke ci wa rai fiye da kowa, wato Con Moynihan, ɗan ƙanwar mahaifiyar Thady. Con ya tafi New York da takalmi ɗaya, ya dawo da haƙorin zinariya da agogo mai sarƙa. Aikinsa shi ne farautar ƙatti. Wata ƙungiyar wasanni a can tana tara manyan mazan Ireland, ta sama musu aikin ɗan sanda, ta ciyar da su nama, su yi ta jefa guduma da sunan Amurka. Tun Thady na saurayi, kafin ya fara zuwa zance gidan Lehane, Con ya tare shi a kasuwar shanu a gaban mutane. Thady ya tofa miyau a tafinsa, Con ya tofa a nasa, suka tafa. Alkawarin shi ne, ranar da aka auna wa Thady jifa mai tsabta wanda ya wuce ƙafa ɗari da hamsin, aka rubuta a takarda, zai bi Con. A Kilbarra kuwa wanda ya tofa ya tafa ya kuma saɓa, ko maraƙi ba zai ƙara sayarwa ba.

Gobnait ta san da alkawarin ta aure shi, don ta ga yadda yake gudu. Duk Lahadi sai ta kunna kyandir a coci. Limamin cocin, Fada Scanlan, yana ganinta yana jinjina kai, har ya taɓa kafa misali da ita a wa'azi, mace mai roƙa wa mijinta nasara. Ita kuwa godiya take yi. Duk sanda labari ya zo cewa Thady ya sake taka layi, sai ta ƙara masa kabeji da naman alade a kwano, ta ce, “Ci, maigida, wata rana sai labari,” zuciyarta fari ƙal.

Abin da ya fi muni, ta san maganin ciwon. A shekara ta uku da aurensu, wata ranar Asabar, tana shanya tana kallonsa yana gwaji a bayan garken shanu. Yana sakin guduma sai maɓallin wandonsa ya tsinke. Thady ya daskare a wurin, hannu biyu a ƙugu, yana waige-waige ko wani ya gani, gudumar ta yi tafiyarta ita kaɗai. Gobnait ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu ta ga Amurka ƙiri-ƙiri. A ranar ta bi duk wandunansa ta ƙara musu maɓalli bibbiyu, na wasan kuma, wanda ta ɗinka da buhun fulawa, ta zura masa zariya irin wadda ake ɗaure buhun hatsi da ita. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko a ɗakin ikirari inda ake faɗa wa Fada zunubi, don a ganinta ɗinki mai ƙarfi ba zunubi ba ne.

Haka aka yi har aurensu ya cika shekara tara. Con na zuwa duk bayan damina biyu, ya kalli gasa, ya ciji sigarinsa, ya koma.

A shekara ta goma aka shirya babbar gasa a birnin Cork, aka gayyato ƙattin Scotland da na Ingila. Fada Scanlan ya yi ta rubuta wasiƙu har aka gaji da shi aka sa sunan Thady. Daga nan Fada ya ɗauki gyaran Thady a matsayin aikin Allah. Ya ɗaure shi da igiya a jikin turke, Thady ya jefa ya tafi da turken. Ya yayyafa wa da'irar ruwa mai tsarki, Thady ya tsallake. A ƙarshe Fada ya tsaya da kansa a gaban layi, da baƙar rigarsa da littafinsa, ya ce, “In ka isa ka taka bawan Allah.” Kwana uku Fada ya yi yana jan ƙafa, Gobnait ce ma ta ɗinke masa rigar.

Ranar gasar rabin Kilbarra suka shiga jirgin ƙasa. Gobnait ta sa mayafinta na zuwa coci, ta ɗauki kwandon burodi da dafaffen ƙwai, almakashinta na ƙugu kamar kullum, don ba ta jin ta gama shiri sai da shi. Hankalinta kwance yake. A tasha Con ya ɗaga mata hula.

“Matar ɗan'uwa, kin fara haɗa kaya ko? A New York ruwa daga bango yake fitowa, ba sai kin je rijiya ba.”

“A ɗakina ma daga bango yake fitowa, Con, duk sanda aka yi ruwan sama. Ka gyara haƙorinka, kabeji ya maƙale.”

Ba ta taɓa ganin taro irin na filin nan ba, mutum ya fi dubu huɗu. Ta kutsa har bakin igiyar da ta raba 'yan kallo da 'yan wasa. Mutanen Scotland suka fito da siket ɗinsu mai ratsi-ratsi, ta dube su da idon tela ta ce yadin mai kyau ne, amma an yi rowarsa. Babbansu, wani jan gemu mai suna Murdo Gillanders, ya shiga da'ira ya juya a natse kamar mai niƙa, ya saki, ya tsaya cak. Aka ja awo, ƙafa ɗari da hamsin da biyu. Kowa jifa uku gare shi.

Aka kira Thady. Kafin ya kama mariƙi fito ya fara, don labarinsa ya riga shi zuwa birni. Ya wulwula, ya juya, ya saki. Gudumar ta tashi tana kuka a iska, ta wuce tutar da aka kafa inda ta Murdo ta sauka da nisa. Sai ga Thady a bayanta yana sheƙa gudu da wandon buhun fulawa. Alkali ya ɗaga jar tuta. Dariya ta ɓarke. Gobnait ta ɓare ƙwai ta ci.

A jifa na biyu haka aka sake yi, sai dai wannan karon ba fito kaɗai ba ne. Wani ɓangare na taron ya fara haushi, mutum ɗari suna “wau, wau” gaba ɗaya. Dariyar Kanturk da Mallow ta 'yan gida ce, masu yinta sun san shi, bayan gasa su za su ja shi su saya masa giya. Waɗannan ba su san shi ba. Yana dawowa da gudumar sai wani ya wurgo ƙashin naman da ya gama gwaguya, ya faɗo daidai ƙafarsa. Baƙin Ingila suka rufe baki da hannu. Thady ya tsaya ya dubi ƙashin. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kai shi gefen fili ya ajiye a hankali don kada wani ya taka. Ya yi murmushin nan nasa, amma kunnuwansa sun yi ja, kuma Gobnait da ta shekara tara tana kallon fuskar nan ta gane murmushin na dole ne.

Ta mayar da ƙwan da ke hannunta cikin kwando. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Mutumin nan shekararsa talatin da uku, ya fi duk wanda ke filin nan ƙarfi, kuma zai tsufa ya mutu ana kiransa kare, ita kuwa tana da maganin a ƙugunta tana kunna kyandir. Ta tuna kujerar makoki, ta tuna Ellie, ta tuna rantsuwarta a gaban kaji. Ta dai tuna duka, ba za a ce ta manta ba. Sannan ta ajiye kwandon.

“Thady! Kai Thady Quane, zo nan!”

Ya zo bakin igiya, kansa a ƙasa. “Mene ne, Gobnait? Yanzu za a kira ni.”

“Dubi zariyarka tana reto kamar wutsiyar maraƙi. Haka za ka tsaya gaban baƙi, a ce matarka tela ce? Ɗaga hannu.”

“A gaban mutane?”

“Ɗaga hannu na ce, ƙaton banza. Kalli can, Fada na kiranka.”

Ya waiga neman Fada. Ta zura yatsa a ƙugun wandon ta baya, almakashi ya yi ɗan ƙit. Ba ta yanke duka ba, ta bar zare uku, daidai abin da zai kai mutum cikin da'ira ya kuma jure juyi biyu. Ta san zarenta.

“Je ka,” ta ce. “Ka jefa ta har Kilbarra.”

Ya shiga. Haushi ya tashi. Ya wulwula sau uku, ya juya, ya sake juyawa, kuma da haushin ƙashin nan a ransa ya saki da wani irin nishi da aka ji har bayan fili. Ƙafarsa ta dama ta ɗaga za ta tafi. A daidai nan zare uku suka ce ga garinku. Thady ya ji iska inda bai saba jin ta ba. Ya cafke wandon a gwiwa da hannu biyu, ya haɗe ƙafafu, ya ƙame a tsakiyar da'ira kamar turke. Allah ya taimake shi rigarsa doguwa ce, ita ma ɗinkin Gobnait. Gudumar ta sauka can nesa, ta tona rami, ba wanda ya bi ta.

Alkali ya dubi ƙafafun Thady, ya dubi layi, ya sake duba, ya ɗaga farar tuta. Aka ja awo, ƙafa ɗari da sittin da ɗaya. Filin ya kece, rabi dariya rabi ihu. Fada Scanlan ya jefa hularsa sama bai ƙara ganinta ba. Murdo Gillanders ya zo ya miƙa wa Thady hannu, ya ga ba hannun da zai karɓa, sai ya ciro babban fil ɗin da ke jikin siket ɗinsa ya ba shi. Con kuwa tuni ya isa teburin alkalai yana cewa a rubuta masa da tawada, a buga hatimi.

Gobnait ta sami Thady a bayan tantin 'yan wasa, zaune a kan akwati, yana juya guntun zariyar a hannu. Ya nuna mata bakin.

“Wannan ba tsinkewa ta yi ba. Yanka ne.”

“To, yanka ne. Sai me? Ka ci ko ba ka ci ba?”

Ya ɗago ya dube ta. “Gobnait, jaki kika ɗauke ni?”

“Wani lokacin.”

“Kin ga taɓo a filin nan? Kin ga taɓo a Mallow? Ciyawa ce, mace, ciyawa. Guduma ba ta nutsewa a ciyawa, ko ni na san haka.”

“To me yake sa ka gudu?”

“Da can ƙafar ce, ban musa ba. Amma tun shekarar da muka yi aure na koya mata tsayawa. A bayan garke, in kin tafi kasuwa, sai in jefa goma ban motsa ba.” Ya share hanci da bayan hannu. “Ina nan ranar da aka raka Ellie. Na biyo ki da mayafinki da kika yar a mararraba, na ji abin da kika faɗa wa kaji. Ni kuma na riga na tofa na tafa da Con. Ba zan iya ce masa a'a ba. Amma ban yi masa alkawarin zan tsaya a layi ba.”

Gobnait ta riƙe ƙugu.

“Shekara tara! Shekara tara kana bari ana yi maka haushi, ba ka buɗe wannan bakin naka ka faɗa mini ba? Ina ƙara maka kabeji ina jin tausayinka!”

“Kabejin na da daɗi.”

“Fada fa? Da gangan ka banke shi?”

“Ya tsaya a hanya. Na je Mallow na yi ikirari wajen wani Fada, ya yi dariya har ya ƙware.”

Ta ɗaga kwandon za ta maka masa, sai kuka ya ƙwace mata. Ta zauna a gefen akwatin, shi ya matsa, akwatin ya yi ƙara. Daga cikin fili ana jiyo muryar Con yana tambaya ko an ga Thady.

“Zan iya ce masa na fasa,” in ji Thady a hankali. “Su ƙi sayen maraƙin. Ma ci abinmu.”

Ta goge ido da bakin mayafi. A shekara tara ba ta taɓa yi masa tambayar ba, don tana tsoron amsar. “Kai fa? Kana son zuwa?”

Ya sunkuyar da kai. Yana kallon tafin hannunsa, inda waya ta yi masa kanta.

“An ce akwai waɗanda ke jefa ɗari da saba'in a can,” ya ce. “Ina dai so in tsaya kusa da su sau ɗaya, in ga ko zan kai.”

Gobnait ta miƙe ta kakkaɓe siket. “Tashi. Riƙe wandonka da kyau, mu je mu sami mai haƙorin zinariya. Kuma ka faɗa masa keken ɗinkina ba a ƙasan jirgi zai kwana ba.”

Bayan wata biyu aka yi musu makoki. Gobnait ta zauna a kan kujerar da 'yan'uwanta shida suka zauna, tsofaffi na yabon halinta, ita tana gyara musu inda suka yi ƙari. Da wata ta ce ba a taɓa jin mummunar kalma daga bakinta ba, sai ta ce, “Haba Inna Peig, ki ji tsoron Allah, jiya-jiya na zage ki.” Aka yi dariya har da masu kuka. Ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Ta raba kajinta, ta ba maƙwabciya tukunyar dankali, ta rufe ƙofa ta miƙa makulli ba ta waiga ba. Mutane suka ce lallai Gobnait dutse ce.

Da hantsi suka isa Queenstown, inda ƙaramin jirgi ke kwasar mutane ya kai su ga babban da ke jira a teku. Ta hau da ƙafarta, ta tabbatar an ajiye keken inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ta yi wa wani ma'aikaci faɗa a kan yadda ya riƙe shi. Sai aka busa ƙaho. Ma'aikata suka fara jan katakon da aka hau ta kansa. Gobnait ta ga rata ta buɗe tsakanin jirgi da gaɓa, taki ɗaya, ruwa baƙi a ciki. Ba ta yi shawara da kowa ba, ƙafarta ce kawai ta tashi. Ta ture wata mata, ta tsallake wani akwati, ta nufi katakon a guje, mayafinta ya faɗi.

Ba ta kai ba. Wani abu ya riƙe ta ta baya, a ƙugu. Thady ne ya cafke igiyar almakashinta, ya naɗe ta a hannunsa kamar mariƙin guduma.

“Sake ni, Thady. Don Allah sake ni.”

“Tsaya a layi, Gobnait,” ya ce. “Ƙirga goma kawai. Da wuya, na sani. Tsaya har ta sauka.”

Almakashin na nan a hannunta, igiyar kuma siririya ce, ƙit ɗaya ya isa. Ta dube shi, ta dubi gaɓa. Ta tsaya. Ratar ta zama taki biyu, ta zama goma, ta fi ƙarfin jifan kowa. A nan ne ta yi kukan da ta hana Kilbarra gani, fuskarta a cikin rigarsa da ke ɓalle har wuya.

Thady ya tsaya kusa da ƙattin nan, wata rana ya kai su, wata rana bai kai ba, amma ba wanda ya ƙara yi masa haushi. Gobnait ta yi shekara talatin da takwas a New York tana ɗinka wa 'yan sanda wanduna, kuma ba a taɓa jin zariyarta ta tsinke ba. Ba ta sake ganin Kilbarra ba.